Ki Zo Da Zanenki Da Hijabinki: Yadda Nake Koya Wa Matan Yamai Kare Kai

Tekwando nake koyarwa a nan Yamai, ranar Asabar da safe kuma ina tara mata a farfajiyar wata makaranta muna koyon kare kai. Kowane da tafiyarsa. Mai wasan tekwando tana shiga fili da farin wando mai faɗi, ƙafa ba takalmi, ga alƙali a tsaye, ga dokar inda ba a duka. Wanda zai tare ki a lungu bayan isha'i kuwa ba zai jira ki canza kaya ba. Shi ya sa sharaɗina na farko ga duk mai zuwa ajin Asabar shi ne ta zo da shigar da take zuwa kasuwa: zane ko abaya, hijabi har gwiwa, silifas, jaka a kafaɗa. Mai goyo ta zo da matashin kai ta goya. Duk dabarar da ba ta aiki cikin waɗannan kaya ba na ɓata lokacina a kanta.

Tun da Abdurrazak Isufu Alfaga ya ciyo mana azurfa a gasar Olamfik ta Riyo a 2016, ya kuma zama zakaran duniya a 2017, iyaye suka rage ɗari-ɗari da wasan nan. Tekiath Ben Yessouf ma ta wakilci Nijar a Tokyo a 2021, 'yan mata suka ga tasu a talabijin. Sai dai da yawa suna zuwa da burin ɗaga ƙafa har kan mutum, ni kuma a ranar farko nake kashe musu wannan buri. Abin da muke nema shi ne daƙiƙa biyu ko uku da zai sake ki, daga nan sai ƙafa me na ci ban ba ki ba. Wadda ta tsaya sai ta rama, ko sai ta ga ya faɗi, ita ke kwana a asibiti.

Murya kafin hannu

Mafi wuyar darasi shi ne ihu. An raine mu a kan mace ba ta ɗaga murya, ba ta kallon namiji ido cikin ido, ba ta ce wa babba a'a. Tarbiyya ce mai kyau a gaban surukai, amma mugu da ita yake lissafi. Ya san za ki ji nauyin tara jama'a, ya san za ki ce bari in lallaɓa in wuce kada a ce na cika fitina. Na sha ganin matar da ke sayar da atamfa a Babbar Kasuwa, wadda in tana ciniki ana jin ta daga layi na uku, amma in na ce ta daka wa mutum tsawa sai ta rufe baki da gefen hijabi tana dariya. "Kai Tanti, wallahi kunya nake ji." Nakan ce mata, Hajiya, ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Ga yadda za ki gwada. Ki samu ƙawa ko ƙanwa ta tako zuwa gare ki daga nesa. In ya rage taku uku tsakaninku, ki ja ƙafa ɗaya baya, ki fito da hannuwa biyu daga cikin hijabi, tafin yana kallon ta daidai ƙirjinki, ki ce "Tsaya nan!" Muryar daga ciki za ta fito, wajen cibiya, da kauri. Ta maƙogwaro siririya ce, tana rawa, mai ji sai ya ɗauka roƙo ne. Kada ki haɗa da "don Allah", kada ki yi murmushi, kada kuma ki zage shi ko ki ambaci uwarsa, domin zagi yana ba shi hujjar matsowa, yana kuma sa masu kallo su ɗauka faɗa ne na mutum biyu.

In ya riga ya riƙe ki, kalmar da ta fi kowace amfani ita ce "Ban san shi ba!" Mutanenmu in suka ga namiji yana jan mace sukan ce rigimar miji da mata ce, kowa ya kama gabansa. Mugaye sun san haka, wani ma da kansa zai ce wa jama'a "matata ce" ko "ƙanwata ce". Ki yi ta maimaitawa: "Sake ni! Ban san shi ba!" Sannan ki ware mutum ɗaya ki kira shi: "Mai shayi, taimake ni!" ko "Baba mai gadi!" Taro yakan tsaya kallo, kowa na jiran wani ya fara, amma wanda aka nuna da baki da wuya ya noƙe. Yamai gari ne na harsuna da yawa, ki tanadi kalmomin nan da Zabarmanci da Faransanci ma, ki yi ta faɗin su har su zauna a bakinki. Ihun "ɓarawo" yana tara jama'a nan take, amma ki san nauyinsa, don mun san abin da taro ke yi wa wanda aka kira da wannan suna. In ranki na cikin haɗari ki kira duk abin da zai kawo mutane. In saurayi ne kawai ya dame ki da surutu a bakin titi, tsawa ta isa.

A titi da cikin taksi

Yawancin abin da ke samun mata a titunanmu fizge ne: yara biyu a kan babur, na baya ya miƙa hannu. Ki bi gefen da za ki riƙa fuskantar ababen hawa, jaka a kafaɗar da ke wajen bango, salula a ɓoye. In kira ya kama dole, ki ja jikin shago, ki juya wa bango baya, ki amsa. In kuma aka riga aka kama jakar, ki sake ta. Masu rataya igiya ta wuya zuwa ƙugu su ne ake ja a kan kwalta. Kuɗin mota da katin shaida su zauna a lalita ko aljihun ciki, abin da ke cikin jaka ya zama wanda za ki iya haƙura da shi.

Taksinmu na haɗaka ne, ana ɗauka ana saukewa, kuma nan ne ya kamata ki buɗe ido. Kafin ki shiga ki karanta lambar da ke jikin ƙofa ko ta bayan mota, ki tura wa wani a gida, ko ki kira ki faɗe ta da ƙarfi direba na ji: "Inna, ga ni cikin taksi lamba kaza, na taso daga Wadata." WhatsApp yana da wurin da za ki nuna wa mutum inda kike yana bin tafiyarki, ki sa a koya miki tun yau. Ki zauna baya, jikin ƙofa, ki taɓa mabuɗin ki tabbata yana aiki daga ciki, don tsofaffin motoci da yawa sai an zura hannu ta taga. Kada ki yarda a sa ki tsakiyar maza biyu da dare, ki ce kin kusa sauka. Ki riƙe canjinki a hannu tun kafin a iso. In kowa ya sauka saura ke, direba kuma ya saki hanyar da kika sani, kada ki tsaya neman dalili: a wuri na farko mai haske da mutane, gidan mai ko bakin kanti, ki ce ya tsaya, ki biya, ki fita. Ɗalibai masu tsallaka Gadar Kennedy zuwa Harobanda bayan magariba, ku jira juna ku tafi biyu ko uku. Haka ma a kabu-kabu: ki samu mutum ɗaya ko biyu da aka san gidajensu a unguwa ki riƙe lambarsu.

Doka ɗaya ce ba na sassautawa a kanta. In mutum ya ce "bi ni" ko "shiga mota", ko da makami a hannunsa, kada ki bi. Kuɗi da waya da sarƙa, ki jefa masu gefe guda ki ruga ɗaya gefen. Amma wanda ke son ya kai ki wani wuri yana neman inda ba mai jin ihunki ne, duk abin da zai faru a can ya fi na nan muni. Nan inda kike za ki zauna daɓas a ƙasa, ki rungume ƙarfe ko bishiya, ki yi ihu, ki yi duka.

Ki kuma san unguwarki. 'Yan fadar da ke shan shayi a ƙofar gida har tsakar dare, wasu na ganinsu 'yan zaman banza. Ni ina gaishe su kullum, na san sunan babbansu, domin ranar da aka ɗauke wuta aka biyo ni, su ne a farke.

Zane, hijabi da tsayuwa

Zanen da aka ɗaure tamau har idon sawu ba ya barin taku mai faɗi. Ki sa dogon wando a ciki kullum, ta yadda in gudu ya kama za ki tattare zanen da hannu ɗaya zuwa gwiwa ba tare da tunanin tsiraici ba. Ki gwada wannan tattarewa a tsakar gida har ta zama motsi ɗaya. Silifas in sun hana ki gudu ki watsar da su.

Hijabi yana da matsala biyu: yana rufe hannu, kuma abin kamawa ne. In hankalinki bai kwanta da wuri ba, ki naɗe gabansa bisa kafaɗa tun kafin komai ya faru. In aka fizgo shi ta baya, kada ki ja gaba, wuyanki za ki shaƙe da kanki. Ki bi jan, ki juyo wajen mutumin da gwiwar hannu a sama, ko ki duƙar da kai ki zare ki bar masa shi a hannu. Nan ne wasu ke turjewa, "Tanti, in fita kai ba lulluɓi?" Ki sa hula ko ɗankwali a ciki. Ko ma babu, malamai sun daɗe da faɗin cewa lalura tana halatta abin da aka hana, kuma tsare rai yana gaba. Masu maƙala allura a ƙarƙashin haɓa su sake tunani.

Tsayuwa kuwa, ki kalli 'yan kokowar Takobi, gasar da aka fara a Tawa a 1975: ba mai tsayawa ƙafa a haɗe, gwiwa a miƙe. Ƙafa ɗaya gaba, ɗaya baya, gwiwa a ɗan lanƙwashe, nauyi a ƙasa. Haka za ki tsaya, haɓa a sunkuye kaɗan.

In ya kai hannu

In ya kama wuyan hannunki, kada ki ja baya kai tsaye, ya fi ki ƙarfin ja. Raunin riƙo yana inda babban yatsansa ya haɗu da sauran. Ki murɗa hannunki siririn gefensa ya fuskanci wannan gurbi, ki lanƙwasa gwiwar hannu ki tura ta wajensa, ki fizge da juyin jiki gaba ɗaya. In da hannu biyu ya riƙe, ki zura ɗaya hannunki tsakanin nasa ki kamo dunƙulenki ki ɗago sama. Da zafi-zafi ake yi, a daƙiƙar farko, kafin ya gyara riƙo.

Ba na koyar da naushi. Ƙasusuwan yatsu ƙanana ne, wadda ba ta saba ba ita ke karyewa. Ki yi duka da gindin tafin hannu, yatsu a buɗe, daga ƙasa zuwa sama, a hanci ko ƙarƙashin haɓa, ƙarfin yana tasowa daga ƙugu. Hanci in ya bugu ido yana cika da hawaye, ko wane ƙato ne. In ya matso sosai, gwiwar hannu ta fi, a muƙamuƙi ko maƙogwaro. Yatsu a ido, cizo, yakushi, duk sun halatta. Dukan gaban namiji da gwiwa kowa ya san shi, shi ya sa maza ke tsammaninsa, kuma zane yana tauye shi. In ya samu ki yi, amma ƙwauri ya fi kusa: ki harbe shi da gefen ƙafa, ki gangaro ki taka bayan ƙafarsa da diddige. Kada ki yi duka ɗaya ki tsaya kallon sakamako. Biyu, uku a jere, kowane da ihu, da ya saki ki tafi. Ihun yana da wani amfani, yana tilasta miki numfashi.

In ta baya ya rungumo ki, abin da yake so shi ne ya ɗaga ki. Ki saki nauyinki ƙasa, ki buɗe ƙafa, ki taka masa ƙafa, ki buga ƙeyarki a fuskarsa, ki kamo ƙaramin yatsansa ɗaya ki lanƙwasa baya. In ya toshe miki baki, ki ciji tafin.

Shaƙa ita ce mafi gaggawa, domin cikin 'yan daƙiƙu mutum ke suma. In ya kama wuyanki da hannu biyu ta gaba, ki danne haɓa, ki ɗaga hannu ɗaya sama tsaye har damtse ya taɓa kunne, ki juya jiki da ƙarfi zuwa ɗaya gefen, hammatarki ta karya riƙon, ki dawo da gwiwar hannun a fuskarsa. Duk wadda aka shaƙe ta je asibiti ko ba ta ga tabo ba, kumburin ciki yana iya tasowa daga baya.

In kin faɗi shi yana tsaye, ki juya ƙafafunki wajensa ki yi ta harbin gwiwarsa. In ya hau kanki, ki jawo diddige kusa da mazaunai, ki riƙe hannunsa ɗaya a ƙirjinki, ki tare ƙafarsa ta wannan gefe da taki, ki cilla ƙugu sama ki mirgina can. Wannan ba ya koyuwa a rubuce, sai da tabarma da abokiyar gwaji da mai gyara miki.

Mai goyo lissafinta daban ne. Ba ta buga ƙeya, ba ta faɗuwa ta baya, ba ta juya wa mutum baya. Ta fuskance shi, ta ja da baya zuwa inda mutane suke, ta ba da duk abin da aka nema na dukiya, muryarta ta yi aiki.

Ana yawan tambaya ta batun wuƙa da garin barkono. Wuƙa a'a: wadda ba ta iya ba, ƙwacewa ake yi a juya mata. Barkono a ƙulle cikin leda a ƙasan jaka ba ya fitowa a kan lokaci, in kuma iskar hunturu na kaɗawa idonki zai fara samu. Abin da ke hannunki ya fi: tocila, gorar ruwa, kwano, yashi.

Wanda kika sani

Duk abin da na lissafa na baƙo ne, alhali baƙo shi ne kaɗan. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan mace ɗaya cikin uku a duniya ta taɓa fuskantar duka ko cin zarafi, kuma mafi yawa daga miji ne ko wanda ake tare da shi. Ki ƙara da malami, da mai gida a wurin aiki, da ɗan'uwa, da maƙwabci. Sabo da kaza ba ya hana yanka ta. Irin wannan ba ya fara da cafka. Yakan fara da wasa mai nauyi ya ga ko za ki yi shiru, sai riƙe hannu wajen gaisuwa, sai kyauta, sai "ki zo ofis bayan an tashi", sai "kada ki gaya wa kowa". Duk wanda kika ce wa a'a ya yi kamar bai ji ba, ya nuna miki halinsa. Ki taka masa birki tun a matakin farko, da ladabi in babba ne, amma a fili: "Malam, ba na son haka." "Alhaji, a bar ƙofar a buɗe." Ki tafi da rakiya, ki adana saƙonnin da ya turo, ki gaya wa mutum ɗaya da kika yarda da shi tun abin yana ƙarami. Iyaye mata, ku koya wa yara cewa akwai wuraren jikinsu da ba mai taɓawa ko kawu ne, kuma ranar da yarinya ta kawo ƙara kada a fara da "me ya kai ki".

Wadda ake duka a gidan aure, dabarar fizge hannu ba za ta raba ta da matsalar ba. Ta ajiye takardunta da na yara da ɗan kuɗi a gidan wata amintacciya, ta shirya da maƙwabciya wata alama, in rikici ya tashi ta nisanci madafa inda wuƙa da taɓarya suke, ta tsaya kusa da ƙofar fita.

In abin ya riga ya faru

Wasu jikinsu sandarewa yake yi, baki ya ƙi buɗuwa, ƙafa ta ƙi ɗaguwa. Halittar jiki ce in tsoro ya kai matuƙa, yana samun maza ma, har sojoji. Wadda ta sandare ba ta yarda ba, kuma laifin na wanda ya aikata ne.

Lambar 'yan sanda 17, ta 'yan kwana-kwana 18. In fyaɗe ne, asibiti da gaggawa: maganin da ke hana kamuwa da ƙanjamau sai an fara shi cikin awa 72, na hana ɗaukar ciki cikin kwana 5, kuma duk wanda aka fara da wuri ya fi aiki. In za ki iya daurewa, kada ki yi wanka kafin likita ya duba ki, kayan da ke jikinki kuma a naɗe su cikin takarda ko tsumma mai tsabta, don leda tana riƙe danshi ta lalata shaida. Ki nemi takardar likita, za ta taimaka wajen shigar da ƙara a wurin 'yan sanda ko jandarmomi. Ƙungiyar mata masana shari'a ta Nijar tana ba da shawara a irin wannan. Dokar ƙasa ta yarda mutum ya kare kansa, muddin a lokacin harin ne kuma bai wuce kima ba. In ya saki ya gudu, ki bar wa hukuma sauran.

Karatun wannan rubutu ba zai sa hannunki ya iya ba. Ki ware minti 10 sau biyu ko uku a mako, ke da 'yar'uwarki: tsawa, fizge hannu dama da hagu, dukan tafi a kan matashin kai, tattare zane da gudu zuwa ƙofa. Ku fara a hankali, ku ƙara ƙarfi, wani lokaci ku yi a duhu. In za ki shiga aji, ki yi tambaya a wajen filin wasa na Janar Seyni Kunce ko gidajen matasa na unguwanni, za a nuna miki masu koyar da tekwando, karate da judo. Ki je ki zauna kallo tukuna. Malamin da ya ce cikin mako guda za ki iya ƙwace wuƙa, ki riƙe kuɗinki. Wanda ke son keɓewa da ɗaliba, ko ya taɓa ta ba tare da ya nemi izini ba, kada ki koma. In maigida ko Baba ya ƙi, ki gayyace shi ya zo ya gani da idonsa, ko ku haɗu ku goma a unguwa ku nemi malama mace ta riƙa zuwa muku gida.